Babaji Mai Keke Ya Kai Goro Abuja

Bismillahi. Fiddausi, jawo tabarmar nan kusa, kunnena ɗaya ke aiki, in za ki yi tambaya ki yi ta dama. Ki fara da cewa ni ne Sada na Ƙofar Kaura, kakanki, ni ke faɗi ke ke rubutawa, tunda ni ko sunana aka zana mani sai in ce kaji ne suka bi ta wurin. Labarin aminina Babaji mai gyaran keke nike so ki rubuta. Shi ma shina ba da shi a majalisa, amma shina tsallake wuraren da ba su yi mashi daɗi ba. Ni kau ina wurin.

Babaji mutumin Batagarawa ne. Da ƙafa suka shigo birnin Katsina shi da yayanshi Abbas, suna samari, shekarar da mahaifinsu ya rasu. Abbas ya kama awon hatsi a kasuwa. Babaji ya zamna wurin wani mai gyaran keke shina ba tayoyi iska, har hannunshi ya faɗa. Daga nan ya samu gindin bedin nan na bakin titi ya aje akwatin kayan aikinshi, yau shekara arba'in da wani abu bai gusa ba. Kekuna suka ragu a gari, babura suka cika ko'ina, shi dai shina nan da kekunan 'yan makaranta da kurar 'yan ga-ruwa. Da wannan ya riƙe ɗiya shida.

Hali biyu gare shi, kuma ba su jituwa. A kan kanshi, ban taɓa ganin mai maƙo irin Babaji ba. Na ƙirga faci goma sha tara a tayar kekenshi, ya ce mani ai da sauran ranta. Amma fa ba shi iya cewa "na gode" hannu wofi. Ko ƙarfe nawa ka gaya mashi sai ya laluba aljihu, dabino ne, alawa ce, ɓarin goro ne. Akwai wanda ya tsamo mashi sifana a kwata, Babaji ya duba aljihu ba komai, ya miƙa mashi ƙararrawar keke. Mutumin ko keken ba shi da shi.

Tafiya kau, iyakarshi Funtuwa, sau ɗaya, ta'aziyya. Shekara guda muka yi muna jin labarin Funtuwa.

To, ke yarinya ce, bari in gaya maki wani abu ki rubuta don na baya. A wurinmu uba ba shi ba da ɗiyarshi aure da bakinshi in dai shina da ɗan'uwa a raye. Ɗan'uwan ne waliyyi, shi ake roƙo, shi ke cewa "na ba ku". Kuma ba a aika mashi ɗan saƙo. Ƙafa ake takawa, a kai mashi goro, a durƙusa.

Abbas ya koma Abuja da daɗewa. Da auren Jamila, babbar ɗiyar Babaji, ya tashi, Babaji ya lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, maƙon nan ya motsa, sai ya ari waya ya kira yayanshi. Ina tsaye a wurin. Har ni na jiyo muryar Abbas.

"Ni za ka kira a waya, Babaji? Kamar mai gyaran famfo?"

Ƙit, ya kashe. Bai zo ba. Liman ne ya ba da Jamila. Daga baya lambar ma ta daina shiga. Shekara goma sha ɗaya ba sallama, ba saƙo. Abin da aka sani kawai, Abbas shina Abuja, shina kasuwa. Kasuwar me, a wace unguwa, ba wanda ya sani.

Sai ga auren auta, Zulaihat. Ita ta ci sunan mahaifiyar su Babaji, shi ya sa gidan ba mai kiranta sai Inna, kuma Abbas ne ya yi mata huɗuba ran da aka haife ta. Ta gama makarantar koyon jinya, ta kawo Nasiru da kanta, malamin firamare, yaron kirki. Aka sa rana, Asabar. Saura kwana goma ta samu ubanta a gindin bedi.

"Baba, wa zai ba da ni?"

"Liman shina nan, Inna."

"In ba Baffa Abbas ba ne, a ɗaga ranar."

"Inna, an buga kati fa."

"A sake bugawa."

Ta juya ta tafi. Babaji ya bi ta da kallo da taya a hannu, ya ce mani, "Sada, ka ji murya? Wallahi tsohuwa ce ta dawo." Ya san ba za ta sauko ba. Ko dai shi kawo Abbas kafin Asabar, ko a watse taro, shi da yayanshi kuma su tafi kabari a haka.

Kuɗi kau duk sun shige kayan ɗaki. Akwai wani keke da ya shekara uku shina harhaɗawa da ƙarafan da mutane suka yar, shi ya sayar. Abin da aka samu ya sayi ƙwaryar goro guda, ɗari cif, marsa manya-manya, sauran ya tsaya daidai kuɗin motar dawowa na mutum biyu. Na zuwa babu. Allah ya kawo Mahmud direba, maƙwabcinmu, zai kai albasa kasuwar Dei-Dei, ya ce in za mu iya zama kan buhu, bismillah. Ni kuma aka ɗauke ni a matsayin masanin hanya, don na taɓa zuwa Kaduna shekara talatin da suka wuce.

Hajo matar Babaji ta haɗa mana guzuri: fura, kwaki, ƙuli-ƙuli, ɗan yaji a ƙulle. Kuɗin dawowar kuma ta sa zare da allura ta ɗinke su cikin aljihun 'yar cikinshi. Ta ce, "Malam, na san hannunka. In ka ɓalle ɗinkin nan kafin ranar dawowa, ka nemi gidan kwana a can."

Ran Talata da aka sallame asuba muka hau. Manyan rigunanmu na cikin leda, goro na cikin ganye, ganye na cikin jiƙaƙƙen buhu, buhu na kan cinyar Babaji kamar jinjiri. Duk inda aka tsaya sai ya yayyafa mashi ruwa kafin shi ya kurɓa. Muka wuce Funtuwa, Babaji ya ɗaga mata hannu, ya ce, "Sai mun dawo, yau ba ta ke muke ba!" Daga nan duk abin da ya gani sabo ne. A Kaduna ya tambaye ni sunan wata gada, na ƙirƙira na ba shi, ya yarda. Da muka hango Dutsen Zuma kau, miƙewa ya yi tsaye kan albasa shina kabbara, sai da na riƙe mashi ƙafa.

"Sada! Sada! Wa ya aje wanga a bakin hanya?"

Da la'asar sakaliya Mahmud ya sauke mu, ya ce shi daga nan Lakwaja zai wuce, Allah shi ba da sa'a. Babaji ya kakkaɓe ɓawon albasa, ya nufi wani mai shayi, ya yi gaisuwa doguwa, sannan ya ce, "Don Allah ɗan samari, ina ne gidan Abbas na Batagarawa?" Kamar dai mutum ya shiga Ƙofar 'Yandaka shina neman gidan wanzami.

Mutum shida ne kan benci, sai da ɗaya ya ƙware da shayi. Mai shayin ya ce, "Baba, daga bakinku na ji gida, ni ɗan Jibiya ne. Amma nan ba a neman mutum haka. Kuma ma ba ku shiga Abuja ba tukuna."

"To ina muke?"

"Kuna bakin zaure."

Ya ce mu kwana a masallacin kasuwa, gobe mu nufi Babban Masallaci na cikin gari kafin azahar, mu tambayi masu hula da turare, ba Bakatsinen da ba shi ratsawa ta wurin. Ya haɗa mana shayi da burodi, ya ce ba zai amshi ko sisi ba. Nan na ga hannun Babaji ya tafi aljihu. Aljihu a ɗinke. Hannun ya dawo, ya yi shawagi, ya sauka kan buhu.

"Babaji," na ce.

"Ɗaya ne."

Ya zaro marsa guda ya miƙa. Kuma kin san goron biki ba a ba da shi baki rufe. "Na ɗaurin auren ɗiyata ne, Asabar, Ƙofar Kaura, sha ɗaya na safe." Ga mutum shida sun zuba ido, ba a ba ɗaya a bar shida. Bakwai suka tafi.

"Goron Abbas ne fa," na ce mashi.

"Ɗari ne, Sada. Ka taɓa ganin ɗari ta ƙare?"

Da safe muka shiga bas ta rage mana hanya, inda kuɗin canjin da ke hannuna suka kusa ƙarewa muka sauka, muka kama ƙafa. Fiddausi, titi ne shimfiɗe kamar an goge shi da dutsen guga, mota huɗu jere, kowace tana gudu kamar an yi mata rasuwa. Babaji ya tsaya ya duba gabas ya duba yamma.

"Sada, ba keke."

"Babu."

"Ba mai faci. In taya ta sace fa?"

"Ta masu kuɗi ba ta sacewa."

"Allah sarki. Gari har gari, ba sana'a."

Ciyawa kore shar a tsakiyar titi, ana ba ta ruwa da tiyo, ba akuya ko ɗaya. Wannan ya fi komai tsaya mashi a rai, ya ce da tunkiyar Hajo za ta ga nan da ta haukace. Duk wanda muka gamu da shi sai Babaji ya gaishe shi, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, mutum shi wuce kamar da bango ake. Masu amsawa su ne masu gadi a bakin ƙofofi, kuma kusan duk namu ne. Wanga ɗan Kaita, wancan ɗan Mani, wani ɗan Daura. Kowa shi nuna mana hanya, wani shi ba mu ruwa, wani shi jawo mana benci mu huta. Kowa kuma da goronshi, da Asabar, da Ƙofar Kaura, da sha ɗaya na safe.

Rana ta take. Wani mai gadi ya nuna mana wani ƙaton kanti mai gilashi, ya ce mu shiga mu sha sanyi, ba a biya.

"Sanyin kyauta ne?" in ji Babaji.

"Kyauta, Baba, in dai ba ku taɓa komai ba."

Muka shiga hannu a baya. Wani sanyi ya buge mu, Babaji ya buɗe wuyan riga shina tara shi. Can ya hango matakala tana tafiya da kanta, mutane tsaye a kai ana kai su sama. Ya tambaya, ita ma kyauta. Ya danƙa mani buhu, ya yi bismillah ya taka, ya tafi tangal-tangal ya cafke gefe, sai ga shi can sama shina ƙwala mani kira gaban jama'a.

"Sada! Ban taka ba! Wallahi ban taka ba, ita ta kawo ni!"

Sau biyar ya hau ya sauka. A na shida ya tsuguna a gindinta ya kara kunne. Ya ɗago shina murmushi irin na wanda ya kama ɓarawo. "Sarƙa ce. Irin ta keke ce, ƙatuwa. Kuma tana son mai." Wani ma'aikaci mai kaki ya zo shi tashe shi, Babaji ya gaya mashi maganar man, yaron ya dinga dariya har da riƙe gwiwa. Shi ma ya samu goro. Ba Bahaushe ba ne, amma sai da ya maimaita "Kofar Kaura, Asabar" kafin aka sake mashi.

A gindin wata bishiya muka jiƙa kwaki da ƙuli, muka dama fura a jarka. Babaji ya miƙe ƙafa shina kallon benaye, ya ce ko gwamna iyakar abin da zai gani ke nan, kuma shi sai ya biya.

Daga nesa muka hango ƙubbar Babban Masallaci tana walƙiya. Muka laɓe bayan wata mota muka zura manyan riguna. Leda ba ta hana komai ba, albasa ta riga ta shige su. A sahu wanda ke gefena sai da ya waigo sau biyu.

Da aka sallame azahar muka fito wurin masu hula. Ba wanda ya san Abbas na Batagarawa. Sai wani mai yankan farce, Idi, mutumin Rimi, ya ce mu ba shi lokaci shi bubbuga waya, shina da mutane a kowace tasha. Jin haka Babaji ya tsuguna a kan matakalar masallaci ya buɗe buhun nan gaba ɗaya, wai shi zaɓo ma Idi babba. Daidai lokacin jama'a ke fitowa. Wani ya leƙa ya ce da ƙarfi, "A'a, goron biki!"

Shi ke nan. Hannuwa suka taso ta ko'ina. "Allah shi sa alheri, Baba." "Allah ya ba da zaman lafiya." "Na wa ne?" Babaji kau abin ya hau kanshi. Mutumin da bai taɓa tara mutum goma ba sai in taya ta fashe, yau ga alhazai masu shadda suna miƙo mashi hannu biyu. Ya miƙe tsaye, hula ta karkace, shina shela kamar sanƙira.

"Na Zulaihat ne! Autata! Ta yi karatun asibiti! Asabar, Ƙofar Kaura! Kowa shi zo! Alhaji, ungo naka! Direban Alhaji, matso!"

Na ja rigarshi, bai ji ba. Na taka mashi ƙafa, bai ji ba. Ƙarshe sai na zamna a kan buhun ɗungurungum, na ce duk mai son goro sai dai shi ɗaga ni.

Idi ya dawo da waya a kunne. "Baba, akwai wani Abbas a Mararaba. Dattijo, mai wushirya, an ce in ka taɓa kayanshi ba ka saya ba sai ka ji sunan kakanka."

"Shi ne!" in ji Babaji. "Wallahi shi ne! Yayana!" Ya rungume Idi, almakashi na hannunshi.

Aka kwatanta mana inda ake hawa motar Mararaba. Akwai tasi mai kai mutum can, amma kuɗi ne, sai muka taka, awa guda cur. A cikin bas kuma aka shiga cunkoso. Wata mata ta matsa mashi wuri, goro. Kwandasta ya yafe mana ragowar kuɗin da ba su cika ba, goro. Direba ya ce shi fa, goro. Ni na gaji da magana, na sa ido ga taga.

Da muka sauka, ga hayaniya, ga 'yan acaɓa, ga mai rake, ga mai faci har uku a jere. Babaji ya ja numfashi ya ce, "Yawwa. Yanzu muka zo gari." Wani ya ce mashi ai nan ba Abuja ba ce, jihar Nasarawa ce. Babaji ya dube ni. Shekara da shekaru ana cewa Abbas shina Abuja, mu da muka zo jiya ma mun fi shi shiga cikinta. Dariya ta kama shi har ya zamna a kan dakalin wani shago.

Dariyar ba ta daɗe ba. Aka nuna mana rumfar Abbas, muka doshe ta, sai ƙafafunmu suka tsaya da kansu. Goro ne, Fiddausi. Fari da ja, faranti-faranti, huhu kan huhu har rufi. Abbas goro shike sayarwa. Mun ɗauko goro daga Katsina, mun yi mashi hidima kwana biyu, mun kawo ma mai rumfar goro.

Shina zamne a tsakiya, ya yi ƙiba, gemu fari fat. Gabanshi gwangwani ne a kife, a kan gwangwanin marsa guda ɗaya tal. Bai dube mu ba, ita shike kallo.

Babaji ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Salamu alaikum, Yaya."

"Wa alaikumus salam." Ya nuna marsar da baki. "Ka san wagga?"

Kafin Babaji shi buɗe baki, Abbas ya ci gaba.

"Wani direban tasi ya kawo mani ɗazu. Ya ce wani tsoho na rabon goron ɗiyarshi a Babban Masallaci, ɗan Batagarawa, ko na san shi? Mai gadi ya ci. Mai yankan farce ya ci. An ce har wani Inyamuri a kanti ya ci. Ni a bakin direban tasi na ji auren gidanmu." Ya ɗauke ta ya jujjuya. "Kuma ka cika mata ruwa. Miƙo nawa in gani."

Babaji ya buɗe buhu. Ya ɗaga ganye. Ya ɗaga wani ganyen. Ya zazzage. Guda biyu suka faɗo, ɗaya ɓari, ɗaya sankara ta huda ta.

"Wancan karon waya," in ji Abbas. "Wanga karon ganye."

Maƙwabtan rumfa sun fara taruwa. Na ce bari in sa baki. "Malam Abbas, ai ka san halinshi..."

"Kai kuma Sada, ɗan rakiya, da kai aka raba ko riƙe mashi buhun ka yi?"

Ya juya mana ƙeya ya kama yayyafa ma kayanshi ruwa. Na dubi Babaji, na ce a raina shi ke nan, an ɗaga auren Inna.

Sai Babaji ya miƙe. Ya kakkaɓe gwiwa, ya sa takalmi, ya gyara hula, ya zagayo gaban tebur kamar bai taɓa ganin mai rumfar ba.

"Mai goro, barka da kasuwa."

Abbas ya dube shi ta wutsiyar ido. Ɗan kasuwa ne, bakinshi ba shi iya ƙin wannan. "Barka kadai."

"Nawa ƙwaryar marsa?"

"Ta ci ko ta biki?"

"Wani babban mutum zan kai mawa. Mai wuyar sha'ani."

"To irin nasu tsada gare shi. Talatin."

"Sha biyar."

"Albarka."

"Haba mai goro, baƙo ne ni, daga Katsina nike."

"Na ji. Duk Abuja ta ji."

Jama'a suka kwashe da dariya. Babaji ya ƙara, Abbas ya ce albarka. Ya ƙara, albarka. Mai lemo na gefe ya ce, "Baba Abbas, a duba mashi mana." Abbas ya ce shi ya ga mai sayen nan ba shi san darajar goro ba, gara shi ji a jikinshi. Sai da suka kai daidai abin da ke cikin 'yar ciki, kamar Abbas na gani ta cikin riga, sannan ya ce, "Kawo."

Babaji ya ɗaga babbar riga ya kai haƙori ga ɗinkin Hajo.

Na riƙe hannunshi. "Babaji, kuɗin mota ne. Da me za mu koma?"

Ya ce, "Sada, in ba da shi ba, in koma in ce ma Inna me?"

Ya ɓalle zaren. Abbas ya amshe, ya tura aljihu ko kunya babu. Amma na lura da hannunshi. Bai ɗebo na kan faranti ba. Sabon huhu ya kwance, ya dinga zaɓe ɗaya-ɗaya, wadda ke da ɗan tabo shi maida, har ɗari. Ya naɗe a sabon ganye. Babaji na amsa ya juya wurin mai lemo, wai shi gode mashi da ya sa baki, na yi tsalle na rungume ƙunshin. A shekaruna. Har yau ƙuguna bai koma daidai ba.

Muka tafi can bayan rumfar mai lemo, muka tsaya kamar minti biyu, sannan muka dawo. Tun daga nesa Babaji ya tuɓe takalmi, ya yi sallama da ƙarfi, ya durƙusa ya aje ƙunshin.

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya lau."

"Ina gajiya. Ya kasuwa. Ya bayan rabuwa."

Abbas shina amsawa shina kallon rufi. Can ya ce, "Ya mutanen Batagarawa?" Ya fara kiran suna. Wane fa? Ya rasu. Wane? Shina nan, ido ya tafi. Gwaggo Talatu? Babaji ya ce shekara huɗu ke nan da rasuwarta, kuma ta yi ta cigiyarshi. Abbas ya shafa gemu ya kauda zancen.

"Me ke tafe da kai?"

"Inna ce za ta yi aure."

"Wace Inna?"

"Wadda ka yi ma huɗuba."

"'Yar mitsitsiyar nan? Wa ya ba da ita?"

"Ba a ba da ita ba, Yaya. Ta ce in ba kai ba, a ɗaga rana."

Abbas ya cire hula ya goge fuska da ita. Ya sake gogewa. Ya ce, "Wai wane irin wari kuke haka? Albasa duk ta shige mani ido." Sannan ya kwance ganyen da shi da kanshi ya ɗaure, ya ɗauki guda, ya duba ta kamar bai san inda ta fito ba, ya ce, "Ba laifi. Wanda ya sayar maka ya san goro." Ya ɓare ta, ya jefa rabi a baki, ya miƙa ma Babaji rabi. Kasuwa ta ɗauki tafi, mai lemo har da buga faranti.

Kuɗin kau bai maido ba, ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Amma shina da kaya da za su arewa ran Alhamis, ya sa mu a motar. Shi a gaba kusa da direba, mu a baya kan huhuna. Babaji bai damu ba, tun daga Zuba har Kankiya waƙa shike yi, ba kai ba gindi, in ya gaji shi leƙa ta ƙaramar taga shi ce, "Yaya, kana nan?" Abbas shi ce, "A'a, na sauka."

Ran Asabar masallacin unguwa ya cika har waje. Liman ya ce ina waliyyin amarya. Abbas ya gyara zama, ya gyara murya, ya gyara hannun riga. Wakilin Nasiru ya nemi aure. Abbas ya tambayi sana'ar yaro, aka faɗa. Ya tambayi ci da sha da sutura, aka ɗauka. Ya tambayi sunan kakan yaro. Ya tambayi ko gidan da za a kai ta akwai rijiya. Sannan ya yi shiru, ya rufe ido, shekara goma sha ɗaya shike ramawa. Babaji na gefena ya damƙe mani cinya, gumi na ɗiga daga gemunshi. Liman ya yi tari. Wani a baya ya ce ko barci ya ɗauke shi.

Abbas ya buɗe ido ya ce, "Na ba ku Inna."

Babaji ya zabura tsaye, hannu sama, "Ya ba da! Jama'a kun ji, ya ba da!"

Liman ya ce, "Malam Babaji, zamna, ba a shafa fatiha ba tukuna."

Ya zamna. Amma har aka shafa ƙafarshi na rawa a kan tawa.